Baƙo a Kan Rada

Kwana goma sha bakwai suka rage ɗana ya bar Makka lokacin da na fara koyon karanta radar jirgin yaƙi. Ni da ko wayar hannu sai an danna mini. Amma yaron ya yi wata guda cur bai ce mini uffan ba, ni kuwa na rantse ba zai hau motar Jidda da bakinsa a rufe ba.

Laifina ne, gara in faɗa tun yanzu kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina. A nan Makka na haife shi, a wani ɗaki a unguwar Mansur da ke saman shagon mai gyaran firji. Ɗan farina ne, kuma shi kaɗai Allah ya bar mini. Iƙamarsa, wato katin izinin zama, a jingine take da ta ubansa. Da uban ya rasu, yaron yana ɗan shekara goma sha shida, katin ya mutu tare da shi. Tawa iƙamar ta aikin girki ce a wani masaukin alhazai a unguwar Misfala, ba ta ɗaukar ɗa. Na yi yawo, na yi roƙo, na zauna a bakin ƙofofi har ƙafafuna suka kumbura, ko'ina amsa ɗaya. Sai na naɗe katin a tsohon ɗankwali na cusa a ƙasan akwati, na ce masa yana hannun mu'aƙƙib, mai bin takardun mutane, ana sabuntawa. Shekara biyu da rabi ina wannan ƙarya. In ya tambaya in ce mutumin ya yi tafiya, in ya sake tambaya in hau shi da faɗa in ce ya cika naci. Na hana shi nisa da unguwa, na ce gari ya lalace.

Shi kuwa tun yana ƙarami ba shi da zance sai jirgi, a garin da ko filin jirgi babu. Ubansa ne ya ɗaure masa gindi, ya sayo masa tsohuwar kwamfuta a kasuwar gwanjo, da wata sanda mai maɓallai da ake tuƙa jirgin yaƙi da ita a cikin wasa. Burinsa ya shiga makarantar koyon gyaran jirage a Jidda, ko da ba za a ba shi tuƙi ba. Ranar da ya ji ana ɗaukar ɗalibai, ya jira na tafi aiki, ya zazzage akwatina, ya buga lambar katin a kwamfuta, ya ga ya daɗe da mutuwa. Da na dawo na tarar da katin a kan murfin tukunya, inda ba yadda za a yi in ce ban gani ba. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni da Larabci tun yaushe, na ce tun rasuwar babanka. Daga nan ya ja bakinsa ya yi gum.

A shekarar an ba marasa takarda wa'adi su fita salin alin ba tare da an tsare su ba. Yayana da ke Kano ya ce in turo shi. Ni ba zan bi shi ba, don da aikin nan zan riƙe shi a can. Yaron bai taɓa ganin Najeriya ba. Hausarsa ma ta cikin gida ce, ta ci da sha da "rufe ƙofa", sauran duk Larabci.

Ba abin da ban yi ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa har matar mai gyaran firji ta hawo tana tambaya ko lafiya. Wata rana na tsaya a kansa na ce ko kare aka ba abinci yana kaɗa jela, balle ɗan da na yi naƙudarsa kwana biyu. Ya tashi ya wanke farantinsa, ya kife, ya koma ya zauna. Wallahi wanke farantin nan ya fi zagi ciwo. Akwai daren da baƙar magana ta zo mini har bakin harshe, irin wadda uwa ba ta iya janyewa, na danne ta da a'uzubillahi. Ni na yi ƙarya, kuma ni ce zan yi baki?

To, tunda ba ya kallona, sai na koma kallon abin da yake kallo. Ina tasowa daga Misfala bayan azahar, in ɗauko kujera 'yar tsuguno da farantin wake, in zauna a gefensa kamar tsinta ce ta kawo ni. Allo biyu ne a gabansa, shi shasha yake ce musu. Babbar shasha tana nuna sama da ƙasa da hancin jirgi. Ƙaramar, wadda ke gefen da nake zama, baƙa ce wuluk da 'yan zane-zane masu launi suna rarrafe a kanta. Ita ce rada, mai nuna jiragen da ido bai kai gare su ba. Ga shasha, ga shashasha zaune a gabanta da wake. Da, wani abokinsa ɗan maƙwabta ne ke zama a wurin yana karanta masa, amma shi tuni an mai da su Yamai. Na lura tun tafiyar abokin ake yawan harbo shi, don ido biyu ba sa isar allo biyu. In ya nutsa a babba, sai wani abu ya lallaɓo a ƙarama, sai ƙara, sai wuta. Ya dafe kai ya sake daga farko.

A jikin bango ya manna wata takarda, ya zana alamomin da hannunsa, ya rubuta sunayensu da Larabci. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na kwafe su a bayan kwalin shayi, a sace kamar ɓarauniya. Kore mai kamar ƙwarya a kife, sadiƙ, namu ne. Ja mai tsini a sama, aduwwu, maƙiyi. Rawaya mai kusurwa huɗu, majhul. Kowanne yana da ɗan tsinke a jikinsa da lamba a gefe.

Na tafi da kwalin wurin aiki. Akwai wani ɗalibin hadisi ɗan Zariya da ke yi wa alhazanmu jagora, na tare shi a bakin kicin na nuna masa. Lamba da tsinke ya ce shi ma Allah ne masani. Amma da ya ga majhul sai ya gyara tsayuwa, ya ce Hajiya, wannan ai mai ruwaya ne da ba a san halinsa ba, ba a ce maƙaryaci ne ba, ba a ce amintacce ba, sai a dakata da maganarsa har a bincika. Ya kama hanyar kawo mini misalai, albasata na ƙonewa. Na ce Malam, jirgi nake tambaya, Allah ya ƙara sani.

Ban buƙaci malami ya fassara mini majhul ba. Duk wanda ya zauna a Mansur ya san kalmar. Ita ake kiran wanda ba shi da takarda. Ita ake faɗa a titi in an ga motar kame ta tsaya, mata na kwashe kayan talla suna shigewa lungu. Shekara biyu da rabi nake kwana da ita ina tashi da ita, ban taɓa barin ta shigo ɗakina ba. Sai ga ta a bangona, da rubutun ɗana.

Sauran da ido na koye su, kuma na sha kunya a zuciyata. Kwana biyu ina murna in na ga ja yana gangarowa ƙasan allo, na ɗauka faɗuwa yake yi, har ina cewa Allah ya ƙara. Sai na lura duk wanda ya kai ƙasa, mu ne ke cin wuta. Ashe mu ne a ƙasan, a tsakiya, duk abin da ke saukowa mu yake nufa. Ɗan tsinken nan kuwa hancin jirgi ne, inda ya nuna can mai shi ya dosa. Lambar tsayinsa ce a sama, babba yana bisa kanmu, ƙarama yana bin ƙasa kamar ɓarawo. A kicin ina juya shinkafar mutum saba'in ina bita: in tsinke ya kalli ƙasa, na gudu ne ko na zuwa? Wata abokiyar aikina ta ce ko aljanu ne suka shafe ni. Na ce eh, masu fukafukai.

Saura kwana goma sha ɗaya na buɗe baki. Ina zaune da wakena, na ga ja ya ɓullo a dama, tsinkensa a kanmu, yaron kuma hankalinsa na can. Na ce a raina in ya tashi ya bar ɗakin, shi ke nan, har kujerar ma na rasa. Amma na faɗa.

"Ja a dama. Yana saukowa."

Bai waiwayo ba. Hannunsa ne ya karkata sandar dama, jirgin ya kwanta, ya danna wani abu da babban yatsa, jan ya ɓace. Na ajiye farantin a hankali na shiga kicin, na buɗe famfo don kada ya ji, na yi kuka mai isata. Hagu da dama kam ya sani da Hausa, ni na koya masa da dukan hannu a bakin kwano.

Kashegari na tarar ya juyo da ƙaramar shasha ta fuskanci kujerata. Kashegarin ranar kuma ya zame abin jin magana daga kunne ɗaya, wanda ke ɓangarena. Muka kama aiki. Ni in ce kore biyu a hagu, ja ɗaya a bisa, shi ya amsa da hannu. Na daina kawo waken ma. Amma magana, ina! Saura tara, saura bakwai, saura biyar. Na haɗa masa jaka, na saka masa dabino da zamzam na kawunsa, na ɗinke kuɗin hanya a cikin wando, duk yana kallo kamar kayan wani ake haɗawa. A sujada ba na roƙon komai sai kalma ɗaya. Ko zagi ne, ya Allah, ya fito daga bakinsa ya nufo ni.

Rawaya kuwa in ta fito, shiru nake yi. Yawanci ba ta daɗewa, in ya hango ta ya danna wani maɓalli sai ta rikiɗe kore ko ja, sannan in faɗa. Na ɗauka haka zan lallaɓa har mu rabu.

Saura kwana uku, bayan la'asar. Akwai wani dogon yaƙi a cikin wasan da ya yi makonni yana fama da shi, mataki-mataki, yana soke kowanne da biro a ƙasan takardar bango. Ɗaya ya rage. Kwamfutar ba za ta bi shi ba, don haka in bai gama a kwanakin nan ba, ba zai taɓa gamawa ba. Ranar ya yi nisan da bai taɓa yi ba. Kusan awa guda muna sama, na kira masa ja huɗu duk ya kakkaɓe su. Ya sunkuya a kan babbar shasha yana saita wata gada, gumi na bin wuyansa.

Sai rawaya ta fito a hagu. Lambarta ƙarama, tsinkenta a kanmu, tana saukowa da saurin da ban taɓa gani ba. Na jira ya gan ta, bai gani ba. Na jira ta canza launi, ta ƙi. Kalmar tana nan a bango, ina ganinta, amma na kasa furta ta. Yaron da saura kwana uku a fitar da shi daga garin da aka binne cibiyarsa, ni zan kalle shi in ce majhul? Na laluba Hausa da sauri, na kamo abin da ya zo hannu.

"Baƙo a hagu."

Ya ji, don ya ɗan gyaɗa kai. Amma hannunsa bai motsa ba.

"Baƙo ne fa. Yana tahowa da gudu."

Ya ɗaga yatsu biyu daga kan sandar, irin ta bar shi ya zo. Ban gama fahimtar abin da ke faruwa ba na'urar ta fara ƙara, allon ya yi ja, jirgin ya kama da wuta yana juyawa. Gadar tana nan tsaye ƙalau.

Ya cire abin kunnen ya ajiye. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, ya kalle ni cikin ido, karo na farko a kwana arba'in da wani abu. Idonsa ya kaɗa. Da Larabci ya yi maganar, muryarsa a dishe kamar ta wanda ya tashi daga ciwo.

"Me ya sa kika ce baƙo? Baƙo ai namu ne."

Allah na tuba, abin da na fara ji daɗi ne. Ya yi magana! Sai daga baya abin da ya faɗa ya shige ni. A duk rayuwarsa baƙo iri ɗaya ya sani. Alhazan garinmu da ke sauka a ɗakinmu lokacin aikin Hajji, mu ba su katifa mu kwana a tabarma. Baƙin Allah da nake dafa wa abinci. In na ce mun yi baƙi, ya san za a yanka kaza ne, a aike shi sayo lemo. Wa zai harbi wannan? Ɗayan baƙon, wanda ke shigowa unguwa ba wanda ya san fuskarsa, mata su leƙo ta zaure, a bi shi da ido har ya wuce, ban taɓa koya masa ba. A ina zan koya masa? A Mansur mu ne ake bi da ido.

Na yi masa bayani ina in-ina, rabi Hausa rabi Larabci, cewa kalmar biyu take ɗauka. Ya nuna bango da yatsa. Ya ce ga sunan abin a rubuce, kuma ya san na iya karatu, tunda na karanta kore na karanta ja. Na ce ba na son kalmar, ba zan iya faɗa masa ita ba.

"Kin sake yi ke nan, Ummi," ya ce. "Kin canza wa abu suna don kada ya yi mini ciwo, abin ya zo ya kashe ni."

Ni mai baki, wadda direbobin Misfala ke tsoron tankawa, sai ga ni na sunkuyar da kai. Da ya zage ni da na samu abin kamawa in yi masifa. Na zauna a kujera 'yar tsuguno ina kallon yatsun ƙafata.

Sannan ya ce ya ji ni shekaranjiya a waya ina ce wa kawunsa baƙonku na tafe, ku gyara masa ɗaki. Ya tambaye ni, a hankali, da Hausarsa mai karkata:

"A Kano, wane baƙo ne ni?"

Amsa mai daɗi tana bakina a shirye, ta saba fitowa. Mai katifa mana, gidan kawunka ne, jininka ne, har rago za a yanka. Na ji ɗanɗanonta a harshena. Na haɗiye ta, wallahi kamar ƙaya. Na ce masa a gidan kawunsa, makonnin farko, zai zama na farkon. A titi kuwa na biyun ne. Za su yi dariyar Hausarsa, za su ce masa ɗan takari, masu mota za su ninka masa kuɗi da ya buɗe baki. Bayan makonnin farko kuma ban sani ba, don ni kaina shekara ashirin da biyu rabona da garin, matar kawun nasa ma a hoto na santa. Na ce ban san inda nake tura ka ba, wannan ita ce gaskiya.

Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Na miƙa hannu, ya kauce kaɗan, na janye. Can ya juya ya mai da abin kunnen, kunne ɗaya a buɗe, ya ce in gyara zama, in na ga rawaya in faɗe ta yadda take a rubuce.

Kwana biyun da suka biyo baya na ce majhul ya fi a ƙirga. Majhul a hagu, majhul a bisa, majhul biyu a dama. Kowace sai ta kankare mini maƙogwaro kafin ta fita. Bai gama yaƙin ba, sau uku ana harbo mu kafin gadar. Amma yana magana. Ba hira ba, kada in ƙara gishiri: ina cajar waya, wace riga ce ta fi dacewa da sanyin jirgi, yaya ake gai da matar kawu. Na koya masa durƙuso, ya yi kamar raƙumi zai kwanta, na yi dariya ni kaɗai.

Ranar tafiya da hantsi muka fita bakin titi inda motocin Jidda ke lodi. Na riƙe masa ƙaramar jaka har ƙofar mota, na ƙi saki. A wurinmu ba a rabuwa irin wannan sai an yafi juna, kuma yaro ne ke fara nema. Ban jira ba. A gaban direba da fasinjoji na ce masa ya yafe mini.

Ya karɓi jakar daga hannuna. Ya sunkuyo ya sumbaci goshina yadda 'ya'yan garin nan ke yi wa iyayensu. Ya daɗe a sunkuye, ina jin numfashinsa a ɗankwalina.

"Lissa, Ummi."

Da Larabcin Makka, lissa na nufin tukuna, ba yanzu ba. Ya shiga, aka ja ƙofa, motar ta bi ta gaban shagon mai gyaran firji ta sha kwana. Na tsaya har wani mai kura ya ce Hajiya a ba da hanya.

Yanzu duk Juma'a yana kira. Yana gyaran janareta a wani shago a Kano, Hausarsa ta miƙe har yana gyara mini tawa. Yakan tambayi ƙafata, in tambayi abincinsa, mu yi minti goma ko sha biyar. Sau da yawa in za mu yi sallama nakan buɗe baki in sake roƙonsa, sai in ce ya gai da kawunsa. Tukuna ɗin nan ita kaɗai nake da ita, ina tsoron in tambaya ya karɓe ta.